Maɓallin da Ya Hana Ni Zuwa Maraɗi

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Regilater ya ƙi kamawa. Da shi zan fara, don shi kaɗai ne abin da na gane kansa yau.

Ajandar nan ruwan sama aka saba rubutawa a ciki, tun ina malamin gona, amma bari in yi mata bayani. Regilater maɓallai biyu ne a kan bolan, wato sitiyarin motata, 'yar Amurka da na sayo a Kwatano shekara tara da suka wuce. In ka hau gudron, titin kwalta, ka kai gudun da kake so, sai ka danna na sama, koriyar wuta ta kama a tablo, allon da ke gaban direba, ka danna na ƙasa, ka ɗauke ƙafa daga totur, mota ta riƙe gudun da kanta. Ka taɓa birki, ta saki. Duk Tasawa ban san mai amfani da shi ba sai ni, sauran sun ɗauka na rediyo ne. Ni ma ba don gayu ba. Tun da ciwon sukari ya kama ni, in ƙafata ta dama ta yi rabin awa a kan totur sai ta mutu, in ji kamar auduga nake takawa. Tasawa zuwa Maraɗi kuwa kilomita ɗari da ashirin ne da 'yan kai. Da abin nan nake zuwa duba matata Biba duk mako, wata biyu ke nan tun da na kai ta asibiti.

Ɗiyarmu Lubna, wadda ke koyarwa a lekol, makarantar boko, can Maraɗi, ta kira da hantsi. Ta ce, "Baba, likita ya sallame mu. Ya ce a koma gida, a ci gaba da maganin rage zafi." Na ce, "Alhamdu lillahi, sauƙi ke nan." Sai ta miƙa wa uwarta wayar.

Biba ta ce, "Malam, kai ka kawo ni, kai za ka maida ni. Ba ni shiga taksi, ba ni shiga ambilans a ɗauko ni kamar buhu. Ɗakina nika so." Na ce gobe, in Allah ya yarda.

Na fita shan isansi, wato man mota, na ɗan hau gudron wajen hanyar Maijirgi. Koriyar wuta ta kama. Na danna na ƙasa, na ɗauke ƙafa, gudu ya zube. Na danna har ɗan yatsana ya yi ja. Na dawo na kira na ce musu jibi.

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi

Fizibil, wato fis ɗin wutar mota. Akwatinsu na ƙarƙashin tablo, daidai gwiwa. Na zare su ɗaya bayan ɗaya na ɗaga a rana, wayar kowanne lafiya lau. Na mayar, na sake zarewa, don idon tsoho ba abin yarda ba ne. Oda tana yi. Fitilun birki ma suna yi: na kai gindin motar jikin bango a inuwar rumfa, na taka, na ga ja ta madubi. To mene ne kuma?

Sun koma gidan Lubna, an ba Biba ɗakin jikoki. Ta sha kunu rabin kofi.

Laraba, 9 ga Oktoba, azahar

Ƙanwata Mairo ta kawo tuwo. Ta ce za ta share ɗakin Biba ta wanke zannuwan gado. Na ce ai ba sauri. Ta dube ni, ta ɗauki tsintsiya ta shiga.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Na kai motar wurin Gazali, mai gyaran wutar mota a bakin tasha. Ɗan abokina ne marigayi, a gabana aka raɗa masa suna, yau ga shi da furfura a gemu da bakin tsiya irin na ubansa. Da na gama bayani sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba Salifu, duk ƙasar nan kai kaɗai ne za ka kawo mota gyara don ta ƙi tuƙa kanta!"

Amma ya san aiki, wannan ba na hana shi. Sai da ya cire kan batir ya jira, wai kada jakar iskar da ke cikin bolan ta fashe masa a fuska. Ya kwance maɓallan. Tir, dauɗar shekara tara, gumin hannuna da ƙura sun zama kamar ƙullun ƙosai. Ya wanke da tsohon buroshin haƙori, ya ɗora mitarsa, ya danna, mita ta yi ƙara. Ya sake dannawa, ta sake yi. Ya ce, "Buton lafiyarsa lau, Baba. Wataƙila dattin ne." Raina ya yi wani iri, ban san ko murna ce ba.

Muka fita gwaji wajen Maijirgi. Kaka ta yi, hanya cike da amalanken jakai an lafta musu dammunan hatsi, ba ka samun fili ka miƙe. Da muka samu na danna. Ba ta kama ba. Sau shida.

A hanyar dawowa ya ce, "Baba, in don Hajiya ne, gobe in ruhe garaji in tuƙa ka. Mu tahi da asuba, la'asar muna gida."

Na ce, "Shekara tara ba wanda ya taɓa zama kujerar nan. Kuma ni ta ce."

"Ai kai ɗin ne, kana gehe."

"Gyara na kawo maka ko shawara?"

Muka koma tasha. Ban kyauta ba, na sani. Na kira Maraɗi na ce Lahadi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

"Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Daga ƙofar masallaci zuwa ƙofar gida sau goma sha ɗaya na faɗa.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi

Biba da kanta ta kira. Muryar ta yi siriri, sai na toshe ɗaya kunnen saboda hayaniyar masu wucewa kasuwa.

Ta tambayi zogalenta, na ce ina ba shi ruwa. Ta ce, "Da safe ko da rana tsaka, yadda ka saba ƙona mini shi?" Na ce, "Hajiya, shekara talatin ina koya wa mutane noma." Ta ce, "Mutane dai." Ta tambaya ko an kawo sabon hatsi daga gonarmu ta Baudeta. Na ce an kawo. Ta ce in gaya wa Mairo ta ware mata na fura, da hannunta take so ta dama, ta zauna a tsakar gida ta sha, ta aika wa maƙwabta.

Can ta ce, "To ya mai jiki?"

Na ce, "Wa?"

"Motar mana. Na ji ita ma an kwantar da ita."

Na yi dariya, wallahi na yi. Ba ta tambaye ni yaushe zan zo ba. Da ta tambaya da ya fi mini sauƙi, da na san abin da zan ce. Bayan ta ajiye na shiga motar na zauna, ban tayar ba, sai da zafi ya kore ni.

Talata, 15 ga Oktoba, azahar

Gazali ya zo da sabuwar magana. Wai a bayan bolan akwai wata waya mai faɗi, naɗaɗɗiya kamar zaren kaset, ita ke barin bolan ya juya ba tare da wayoyi sun tsinke ba. Duk saƙon da maɓalli zai kai sai ya bi ta cikinta. In sili ɗaya ya yanke, oda na iya yi, regilater ya ƙi. Ya auna, mitar ta yi masa wasa, ta ce e ta ce a'a. Ya ce a canja a huta.

Babu ita a Tasawa. Sai wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota a Maraɗi.

"To ga dalili ya samu," in ji shi, yana goge hannu, bai dube ni ba. "Ka shiga taksi ka ɗauko da kanka, ka ga Hajiya."

Na ce ƙafata ba ta jure matsin taksi. Na ba wani direba tsohuwar ya tafi da ita a gwada. Shagon da zai sayo ta, layi biyu ne tsakaninsa da gidan Lubna. Na san shagon, na sha wucewa ta gabansa.

Laraba, 16 ga Oktoba, magariba

Lubna ta kira sau huɗu. Na ɗauka sau ɗaya.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Wayar ta iso, Gazali ya ɗaura. Muka sake yin Maijirgi. Ba ta kama ba. Ya cire hula ya sosa kai ya ce shi kam ya kai iyakarsa, sai dai a sa mata ordinater, wato kwamfutar gano matsala, a Maraɗi ko Damagaram.

Da na dawo gida na ga ya bar mini guntayen waya a ƙasan motar, sai na zaro tabarmar ƙafa in kaɗe. A lungu, ƙarƙashin birki, na ga wani ɓurɓushi launin ƙasa-ƙasa, kamar an marmasa busasshen ƙuli. Na ɗauka na murza. Roba ce da zafi ya cinye.

Na ɗauko tocila na kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin tablo, ƙafafu a waje, tsoho da ni. A saman ƙarfen birki akwai wasu 'yan maɓallai biyu da ban taɓa sanin da su ba, kowanne da ɗan harshensa. In ba a taka birki ba, ƙarfen yana danne harsunan ta kan wata 'yar roba kamar maɓallin riga. Na farko, na fitilun baya, robarsa tana nan. Na biyu tasa ta marmashe, sai rami, harshen ya zura ta cikin ramin ba abin da ke danne shi. Ita motar a ganinta ƙafata na kan birki tun waccan Litinin ɗin, to ina za ta yarda ta riƙe gudu? Na sa yatsa na danna harshen. Ya ce ƙas.

Aikin minti biyar ne. A toshe ramin da ko mene ne mai ɗan tauri, shi ke nan.

Na daɗe a kwance a wurin. Na tashi na tattara ɓurɓushin na zuba a aljihu, na kulle motar. Da Lubna ta kira na ce sai an sa ordinater.

Juma'a, 18 ga Oktoba, azahar

Ban taɓa motar ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, hantsi

Lubna ba ta ko gaishe ni sosai ba.

"Baba, jiya ba ta iya zuwa bayi da ƙahwarta ba. Ni da maigidana munka ɗauke ta."

Na ce Allah ya sawwaƙe, zafin garin ne.

"Ça suffit, Baba, ya isa haka. Mota nawa ke fitowa Tasawa kullum? Hamsin? Ɗari? Na ce mata in ɗauko mota nan in kawo ta, ta ce ba ta shiga, kai za ka zo. In ba ka zuwa ka hwaɗa mini, in daina yi mata ƙarya da bakina."

Na ce, "Ke, da ubanki kike magana."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nika ta kira." Ta fashe da kuka, irin kukan da take yi tana ƙarama, mai shessheƙa. Sai na soma yi mata bayanin naɗaɗɗiyar waya. Ta kashe.

Lahadi, 20 ga Oktoba, la'asar

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da idon da za ta dube ni da shi.

Lokacin da nake aiki a Mayahi, mahaifinmu ya kwanta a can wurina. Aka ce mana a koma gida. Ni na ɗauko shi a motar sarwis, ta wurin aiki, na yi ta murna a hanya kamar wawa, ina ce masa ka ga an sallame ka. Kwana huɗu ya yi. Duk garin nan wa bai san abin da ake maido mutum gida ya yi ba? Mata na ganin an shigo da mai jinya sai su soma duba tukwanensu.

Muddin tana Maraɗi jinya take yi. Akwai likita kusa, akwai mai zuwa ya sa mata ruwa, ni kuma ina iya buɗe baki in ce da sauƙi. Ranar da na juyo kan motar nan gabas da ita a ciki, to da hannuna na

Ba zan ƙarasa ba.

Tsoro nake ji, shi ke nan. Shekara talatin da takwas muna tare. Ni da na yi yawon ƙauyuka a kan babur ina gaya wa mutane su cire zangarniyar da ta kamu kada ta ɓata sauran, ina faɗa ba ko gezau. Ashe bakin ne kawai. Ina son matar nan, ban taɓa faɗa mata da baki ba don ba a yi mana wannan tarbiyyar ba, kuma ga shi abu ɗaya ta roƙe ni na ɓuya a ƙarƙashin tablo. Ƙafar gaskiya ce, tana mutuwa. Amma na san ba ita ba ce.

Mairo ta surfa hatsin, ta shanya, ta rufe a ƙwarya. Ba ta ƙara ce mini komai. Ajiye tuwo kawai take ta juya.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Gazali ya zo har gida a kan babur, ban kira shi ba. Wai abin ya tsaya masa a rai, ya buga wa wani abokin sana'arsa a Damagaram, ya ce masa ya duba saman birki. Na ce makullin ya shige mini wani wuri. Ya ce, "Ga shi can rataye a ƙusa, Baba."

Ya kwanta da tocilar wayarsa. Na tsaya a kansa kamar wanda aka kai gaban alƙali. Can ya ce, daga ƙarƙashin tablon, "An riga ni zuwa nan. Ga sawun yatsa bisa ƙura."

Na sa hannu a aljihu na fito da ɓurɓushin na nuna masa. Ya zauna a bakin ƙofar motar ya dubi tafin hannuna, ya dube ni. Na jira bakin tsiyar nan. Da ya zage ni ma da na karɓa. Sai ya ce, "Akwai tsohon silifa a gidan?"

Na ba shi nawa na banɗaki. Ya yanki guntu da wuƙa, ya fere shi kamar murfin kwalba, ya shafa gam, ya cusa a ramin. Ko minti biyar ɗin bai cika ba.

Muka fito gwaji. Da muka iso gudron na sa sigina zan yi Maijirgi, ya ɗora hannu a kan bolan. "Yau yamma za mu yi, Baba. Kwana goma sha ɗaya kana kai ni gabas."

Muka yi yamma, hanyar Maraɗi. Na kai saba'in, na danna na sama, na danna na ƙasa. Na ɗauke ƙafa. Allura ta tsaya cik a kan saba'in. Na taɓa birki, ta saki. Na sake, ta sake kamawa, kamar ba ta taɓa yin komai ba, 'yar banza.

Kafin Gazawa na gangara gefen hanya na tsaya, don ba na ganin gabana. Gazali ya fita ya ce bari ya duba tayoyi. Ya duba su huɗu, ya koma ya sake dubawa, har da tayar ajiya da ke bayan mota. Da ya dawo ya ce, "Gobe in tuƙa ka?"

Na ce, "Ni ta ce."

Ya ce, "To, Allah ya kai lahiya."

Talata, 22 ga Oktoba, bayan asuba

Na sa matasai biyu da bargonta. Mairo ta fito har ƙofar gida ta ce, "Yaya, Allah ya ba ka ƙarfin zuciya." Ita ce doguwar maganarta ta farko a kwana goma. Bismillahi.

Laraba, 23 ga Oktoba, azahar

Mun iso jiya gab da magariba. Tana ɗakinta, tana barci. Bari in rubuta tun ban manta ba, ko da yake ba na jin zan manta.

Zuwa ba wani abu, awa biyu ba kaɗan, ƙafata a ajiye. Da na shiga ɗakin sai na ɗauka ba kowa a gadon, tarin zannuwa ne. Mako uku kacal rabona da ita. Wayyo Allah. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Malam, ka rame." Ni wai. Na durƙusa a bakin gadon. Ta ce, "An sallami mai jikin?" Na ɗaga kai.

Lubna ta gaishe ni a tsaye, ba ta ƙara ba. Suka so su shimfiɗa ta a baya, ta ce sam, gaba za ta zauna, wurinta. Muka kwantar da kujerar, muka tokare ta da matasai. Ni na ɗauko ta daga ɗaki zuwa mota. Damin hatsi ya fi ta nauyi. Lubna ta shiga baya da jakar magani.

Muna fita gari na ɗan ba da wuta, muka hau wani ɗan faci a gudron, abin da da ba na ko jin sa. Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakinta ba. "Malam, a hankali." Na sauko hamsin. Ta damƙe hannun ƙofa. Na sauko talatin, sannan ta saki. Na danna na sama, na danna na ƙasa. Bai kama ba. Na sake. Sai na tuna, abin nan ba ya kamawa ƙasa da arba'in, haka aka yi shi. Kwana goma sha biyar ina fama da shi, ga shi ba shi da amfanin komai a tafiyar da aka gyara shi dominta.

Haka muka taho, talatin, talatin. Manyan motoci na danna mana oda, 'yan taksi na leƙowa suna zagi, in sun ga wadda ke kujerar gaba su maida kai. Kafin Cadawa ƙafar ta mutu. Na riƙa danna gwiwa da hannun dama ina tuƙi da hagu, ina kallon allura don ita kaɗai ke gaya mini ko ina takawa. Mun tsaya sau biyar, in fita in buga ƙafar a ƙasa, Lubna ta jiƙa mata leɓe. Ashe ana iyawa. Tun ranar farko ana iyawa.

Ta so ta ga gonaki, amma wuyanta ba ya riƙe kan, sai sama take gani da kawunan itatuwa. Ta ce in riƙa gaya mata. Na riƙa faɗa: ga rumbu an yi masa sabuwar jinka, ga mata na roron wake, ga amalanke ya kife jaki na tsaye abinsa kamar ba shi ya yi ba. Ta yi murmushi a nan. Bayan Agye, Lubna ta ɗan yi gyangyaɗi, sai Biba ta ce a hankali, "Na san ba motar ba ce."

Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni."

Ta ce, "Ni ma tsoron nika ji, Malam. Da ka zo da mun ji shi tare." Ta rufe ido. Ba ta ƙara magana ba sai da muka shigo Tasawa ta ji kiran salla, ta ce, "Ladanmu ne wannan."

Alhamis, 24 ga Oktoba, la'asar

Mairo ta yi furar sabon hatsi. Muka sa mata ludayin a hannu, muka riƙe hannun, aka juya sau biyu. Ta sha cokali ɗaya da rabi. Tsakar gida ba ta yiwu ba, ko ɗaga ta aka yi sai ta yi wannan ƙarar. Ta ce a ɗage labule a bar ƙofa a buɗe. Daga gadon ana ganin rabin zogalen.

Maƙwabta sun yi ta shigowa. Wasu ta gane su.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan sallar asuba, ina riƙe da hannun. An kai ta da hantsi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, la'asar

An yi addu'ar bakwai, mutane sun watse, an naɗe tabarmi. Lubna za ta koma gobe saboda lekol. Ta same ni a zaure ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ba ta yi ba tun da muka dawo. Ta ce ba don ta ɓata mini rai ba ne, amma in ba ta faɗa ba zai zauna mata a ƙirji.

Ta ce tun washegarin da aka sallame su, kullum uwarta na idar da asuba sai ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita, ta sa kwalli. Ta fito da ƙafarta har ƙofar gida, ta ja kujera ta zauna da jakarta a cinya. Da ƙafarta, ba mai riƙe ta. Har takan tsokani masu tallan ƙosai. Sai rana ta kai ga kujerar sannan ta tashi ta koma ciki ta ce, "Gobe ke nan." Kwana tara tana haka. A na goma ta ce a fitar mata da jakar kawai a ajiye a ƙofa.

"In na soma hwaɗa sai ta ce, ke bar ubanki, yana gyara."

Na tambaye ta, a kwanakin nan tara tana iya dama fura? Ban san me ya sa wannan na tambaya ba. Lubna ta ce, "Baba, har shara takan karɓe mini."

Ta kwantar da kanta a gwiwata ta yi kukanta, na dafa kan. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba, don ba ita na cuta ba. Kwana goma sha takwas Allah ya ba Biba bayan sallamar likita. Uku na bar ta ta yi a ɗakinta.